Tseren Jiragen Ruwa a Waya, da Iskar da Ke Bi Ta Kanmu

 

Sharhinmu na yau a kan tsere ne, amma ba sukuwar dawaki ba. Tseren jiragen ruwa ne masu tafiya da iska, wanda ake yi ta intanet, a wayar hannu ko a kwamfuta, mutum na zaune a zaurensa ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Na san akwai dattijon da ya riga ya gyara zama yana cewa, "To Malam, ina mu ina teku?" Baba, tambayarka na kan hanya. Daga nan Zamfara zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 700, ko da tsuntsu ne ya miƙe bai ratse ba. Ruwan da muka sani shi ne Gagare da Bunsuru, su cika su tumbatsa da damina, da rani su koma rairayi. Tseren ruwan da muka sani kuwa na ƙarfin damtse ne: gasar kwalekwale a Matan Fada lokacin bikin kamun kifin Argungu, bikin da aka faro a 1934, ko Rigatar Yawuri a kan kogin Kwara. A can mai ƙwanji shi ke gaba. A wannan kuwa babu tuƙi da hannu, babu gora, babu inji. Iska kaɗai ke tura jirgi, kuma abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne iskar ba baƙuwarmu ba ce.

Bari in fara da tseren gaske, don shi na waya ke kwaikwayo. A gaɓar yammacin Faransa akwai wani gari, Les Sables-d'Olonne. Daga nan ake tashin tseren da ake kira Vendée Globe, wanda aka soma a 1989, yanzu kuma ake yin sa duk bayan shekara huɗu a watan Nuwamba. Mutum ɗaya ne a jirgi, ba ya sauka a wata tasha, ba a kawo masa ɗauki. Jirgin mita 18 ne da ɗoriya. Zai gangara Tekun Atlantika, ya zagaye ƙasan Afirka, ya wuce ƙasan Ostareliya, ya kewaye ƙarshen Kudancin Amurka, ya hauro gida, tafiyar kusan kilomita 45,000. A zagayen da aka tashi ran 10 ga Nuwamba 2024, jirage 40 suka fita, Charlie Dalin ya dawo cikin kwana 64 da awa 19, saurin da ba wanda ya taɓa yi a wannan tsere.

To a 2006 wani Bafaranshe mai suna Philippe Guigné, wanda shi ma ɗan tseren jirgin ne, ya kafa wasan da ake kira Virtual Regatta. A ba ka jirgi irin na 'yan tseren, a kan taswirar duniya ta gaske, ku tashi rana ɗaya sa'a ɗaya da su, iskar da masana yanayi suka yi hasashen tana kaɗawa a kowane yanki na teku ita za ta tura naka jirgin. Ba a gaggauta agogo. Kwana ɗaya a wasan kwana ɗaya ne a duniya. Kana barci jirginka na tafiya, kana gona yana tafiya, in ka manta da shi ya doshi tudu, a nan zai kafe har ka dawo. A Nuwamban 2020, lokacin da korona ta kulle Faransawa a gidajensu, jirage 33 ne suka fita teku na gaske, amma waɗanda suka shiga ta intanet sun haura miliyan ɗaya.

Abu na farko da sabon shiga zai koya shi ne jirgin iska ba ya tunkarar iska gaba da gaba. In ka saita hancinsa daidai inda take fitowa, ƙyallen zai saki, jirgi ya tsaya cik. Sai ka kauce mata da kusan digiri 45, ka yi tafiya ta wannan gefe, ka juyo ka yi ta wancan, a haka kake matsawa gaba. Ko da iskar na bayanka sak, ba nan gudun yake ba. Jiragen zamani sun fi gudu in tana dukansu ta gefe ko ta bayan kafaɗa. Kowane juyi kuma da abin da yake ci, don jirgi na rage gudu kafin ya sake ɗaukar iska, haka ma sauya ƙyalle daga babba zuwa ƙarami in iska ta yi ƙarfi. Inda za a je kowa ya sani. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin inda iska za ta kasance gobe da jibi, da hanyar da za a bi a tarye ta.

A nan ne zancen ya iso gida. Ana tashin tseren a Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ke shigowa. An kai gero rumbu, ana yankan dawa, leɓɓa sun fara tsagewa, hazo ya rufe gari. Wannan iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ƙurarta kuwa mai yawa daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon babban tafki. Ba a kanmu take tsayawa ba. Takan wuce ta fita teku ta gaɓar Afirka ta Yamma, har ƙurar ta kai dazuzzukan Amazon. 'Yan tsere in sun baro Turai, sun wuce tsibiran Kanari sun doshi Cape Verde, abin da suke fatan samu ke nan: iskar arewa maso gabas mai ɗorewa, wadda ke kaɗawa dare da rana ba ta sauya ra'ayi. Matuƙan gaske sukan wayi gari su tarar jar ƙurar Sahara ta rine musu ƙyalle da igiyoyi. Abin da ke sa mu tari da mura shi ke sa su gudu. Sai dai a kiyayi bayan tsibiran. Duwatsunsu dogaye ne, na Tenerife ya haura mita 3,700, suna tare iska, wanda ya bi ta inuwarsu don neman gajeriyar hanya yana ji yana gani za a wuce shi.

Sai kuma iskar ta ƙare. Kaɗan arewa da layin da ya raba duniya biyu, ta arewa maso gabas na karo da 'yar'uwarta mai zuwa daga kudu maso gabas. Inda suka haɗu, iska ba ta yin gaba, sama take yi. Gajimare ya taru, a yi tsawa, a sheƙa ruwa, jim kaɗan kuma tsit, teku ya kwanta luf. Faransawa na kiran wurin Pot au Noir. Jirgin da jiya yake gudun kilomita 30 a awa, yau sai ya shafe sa'o'i bai yi tafiyar Moriki zuwa Ƙauran Namoda ba.

Manoma, ku kasa kunne, don wannan mahaɗar ita ce daminarku. Ba wuri ɗaya take zaune ba, rana take bi. Daga bazara takan hauro arewa, iskar teku mai laima ta biyo ta daga kudu maso yamma tana ture hunturu baya. In ta wuce kanmu, mu da muke wajen digiri 13 arewa, sai mu ga hadari na haɗowa daga gabas, a yi shuka. A Agusta ta kai iyakarta can bakin Sahara, mu kuma muna cikin marka. Daga Satumba ta juya kudu, ruwa ya ɗauke. Kafin 'yan tsere su isa gare ta a tsakiyar Nuwamba, ta koma kusa da layin tsakiya, ta kwanta a kan teku ta tare hanya daga Afirka har Birazil. Ba a kewaye ta, dole a ratsa. Dabarar ita ce a ratsa inda ta fi siranta. Kusa da Afirka tana da faɗi, wanda ya shiga ta nan ya shiga uku. Can yamma tana tsukewa, shi ya sa gwanaye ke tsallakawa wajen digiri 27 zuwa 30 yamma. Amma in ka zarce yamma da yawa, da ka fito iskar kudu maso gabas za ta matse ka a ƙusurwar Birazil, ka yi ta juyi kana asarar abin da ka samu. Mutum kan yanke wannan shawara tun yana kusa da Kanari, kwanaki kafin ya ga wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an tsallaka sai jarrabawar da ta fi kayar da sababbi. Buɗe taswira ka duba: hanyar da ta miƙe zuwa Cape Town ita ce ta gefen Afirka, a wuce gaban Angola da Namibiya. Ido na cewa bi nan. Amma a tsakiyar Kudancin Atlantika, wajen tsibirin Saint Helena, akwai wani makeken yanki na iska mai nauyi da ke zaune. Cibiyarsa babu iska, a gefunansa kuwa iska na kewaya shi saɓanin hannun agogo. Ta ɓangaren Afirka tana zuwa daga kudu maso gabas, wato a fuskarka. Ta ɓangaren Birazil tana zuwa daga arewa, wato a bayanka. Saboda haka mai neman ƙasan Afirka sai ya juya mata baya ya nufi Kudancin Amurka, ya gangara kudu sosai, sannan ya karyo kwana gabas. Ƙarin tafiya ce ta ɗaruruwan kilomitoci, amma shi zai riga isa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A wannan teku har ta fi gajeriyar sauri. Ba yau aka gano haka ba. Vasco da Gama ya yi wannan kewaye a 1497 a hanyarsa ta Indiya, bayansa kuma Cabral, ɗan Fotugal, ya faɗaɗa kewayen har ya tsinci kansa a gaɓar Birazil a watan Afrilun 1500. Yaron da ke wasan nan a waya zai gane da hannunsa dalilin da ya sa Birazil ke magana da harshen Fotugal, abin da malamin tarihi zai yi ta maimaitawa a allo bai shiga ba.

Tekun kudu kuwa zancensa gajere ne. Guguwa na bin juna daga yamma zuwa gabas. Wanda ya shiga gaban ɗaya za ta ɗauke shi kwana da kwanaki, wanda ya makara da awa kaɗan ta bar shi, sai ya jira ta baya, tazarar da ke tsakaninsu ta koma ɗaruruwan kilomitoci. Kuma da yake duniya a dunƙule take, yawan matsawa kudu yawan gajartar hanya, shi ya sa masu shirya tseren ke shata layin da ba a ƙetarewa saboda duwatsun ƙanƙara. Kowa sai ya manne da layin.

Daga ina iskar wasan ke fitowa? Daga hasashen da hukumar yanayi ta Amurka, NOAA, ke fitarwa kyauta, wanda ake kira GFS, sau huɗu a rana, duk bayan awa shida. Da sabon hasashe ya shigo, sai dubban mutane su buɗe waya su gyara akala, kuma ɗaya daga cikin huɗun tsakar dare yake faɗowa. Da hunturu agogonmu da na Faransa ɗaya ne, don haka ɗan Zurmi da ɗan Faris lokaci guda za su yi hamma. Akwai kuma manhajoji, irin su zezo da qtVlm, da ke haɗa hasashen da teburin gudun jirgi su zana maka hanya mafi sauri. A nan nake da magana. Tunda kowa abu ɗaya yake tambaya, amsa ɗaya yake samu, sai ka ga jirage dubbai sun jeru a kan zare guda, ana rigima a kan mita. Wannan ba tuƙi ba ne, bin umarni ne. Manhajar ba ta san komai ba sai hasashe, hasashe kuwa na kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne, na bayan mako guda rabinsa kintace ne. Gwanin gaske yakan duba hasashe da yawa a jere ya ga me ke tsaye me ke rawa. In hanyar da aka zana masa ta dogara da wata siririyar ƙofa da za ta buɗe nan da kwana takwas, yakan ƙi, ya bi wadda ko hasashe ya sauya ba za ta jefa shi rami ba.

Yaushe ake barin ayari? Amsar ta dogara da inda kake. In kana gaba, zauna tsakanin abokan hamayya da inda za su, duk abin da ya same su ya same ka, tazararka na nan. In kana baya, bin sawu ba zai ba ka komai ba sai ka ƙare a baya, nan ne ake ware wa a gwada wata hanya.

Wannan ka'ida ta fi fitowa fili a ɗaya nau'in wasan, na gajeren zango, Virtual Regatta Inshore. Shi tseren mintoci ne, jirage kaɗan a fili ɗaya, kowa na ganin kowa, ana kewaya alamomin da ke yawo a ruwa. A kansa hukumar tseren jiragen iska ta duniya, World Sailing, ta kafa gasar duniya a 2018, ya kuma shiga makon wasannin kwamfuta da kwamitin Olamfik ya shirya a Singafo a 2023. Mai cewa wasan yara ne ya ji wannan: Joan Cardona, ɗan Sifen, shi ya ci gasar duniya ta waya a 2020, shekara na zagayowa ya ci lambar tagulla a ruwa na gaske a Olamfik na Tokiyo.

A gajeren zango rabin tseren a wurin tashi ake cinye shi. Akwai layi tsakanin alamomi biyu, agogo na ƙirgawa baya, kowa na so ya iso layin da cikakken gudu daidai lokacin da ya buga. Ka riga agogo ko da taku ɗaya, sai ka koma ka sake tsallakowa, kafin nan an bar ka. Ka yi jinkiri, sai ka tashi a bayan mutane. Layin kuma da wuya ya zauna daidai da iska. Kusan kullum gefe ɗaya ya fi kusa da inda take fitowa, nan ake turmutsutsu. Dokokin hanya kaɗan ne suka fi aiki. Jirgin da iska ke bugu ta damansa shi ke da hanya, wanda take bugu ta hagu shi zai kauce. In duk biyun gefe ɗaya take bugunsu, wanda ke sama ta wajen iska shi zai ba na ƙasa wuri. A wurin kewaya alama, wanda ya kai kafaɗarka ta ciki kafin a shiga tazarar jirgi uku, dole ka buɗa masa. A ruwa na gaske mai laifi juyi yake yi na tara. A waya babu gardama babu alƙali, kwamfuta ce ke rage maka gudu nan take, ko kai ne aka zalunta. 'Yan wasa da yawa sun ƙware wajen jawo wa wani laifi, su sa hanci inda ba ka da hanyar kaucewa. Doka ta yarda, ni dai ban ga burgewa a ciki ba.

Sai batun gurɓatacciyar iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san cewa in mata na sheƙa, wanda ya tsaya ƙasan iska shi ke shan ƙaiƙayi. Haka jirgi yake: iskar da ta bugi ƙyallen na gaba takan fito a hargitse ba ƙarfi, wanda ke bayansa ita yake samu. Don haka na gaba kan juya da gangan ya zauna a kan iskarka, kai kuma dole ka juya ka nemi mai kyau, ko da ba inda kake so ba ne. Iskar kanta ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan ɗan karkata dama, ta dawo hagu. In ta karkata ta tura hancinka nesa da alama, juya, don a ɗaya gefen wannan karkatar riba ce. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: dubi hancin jiragen da ke gabanka, su za su gaya maka abin da ke tafe kafin ya iso.

Labarin da malaman wannan fanni ba sa gajiya da bayarwa ya faru ne ran 26 ga Satumba 1983, a Newport ta Amurka. Kofin da ake kira America's Cup ya shekara 132 a hannun ƙungiyar jiragen New York, tun 1851 ba wanda ya ƙwace. A wannan shekara an yi uku da uku tsakanin jirgin Amurka, Liberty, da Dennis Conner ke tuƙi, da Australia II na John Bertrand, saura karo na bakwai. Conner na gaba da kusan minti ɗaya ana saura zango biyu. Maimakon ya zauna tsakanin Bertrand da alama, sai ya ware neman iska a wani gefe, ya bar shi shi kaɗai. Iska ta zo wa Bertrand, ya wuce. A zangon ƙarshe Conner ya yi juyi 47 don ya kuɓuce, duk inda ya juya Bertrand ya juya ya zauna masa a kan iska, har ya ci da daƙiƙa 41. Masu kare Conner na cewa jirgin Ostareliya ya fi nasa gudu a wannan zango, ko ya tsare ko bai tsare ba za a wuce shi, gara ya gwada sa'a. Har yau ana musun. Amma abin da Bertrand ya yi da ya samu gaba, shi kowane ɗan wasan waya ke yi a minti na ƙarshe.

Akwai abin da waya ba za ta taɓa kwaikwaya ba. A ran 30 ga Nuwamba 2020, a tseren Vendée Globe, can kudu maso yammacin Cape Town, igiyar ruwa ta karya jirgin Kevin Escoffier gida biyu. Ya kwashe awa 11 a ɗan kwalekwalen roba cikin sanyi da duhu kafin Jean Le Cam, dattijo mai shekara 61 da ke cikin tseren, ya tsamo shi. Wasu ma sun bar hanyarsu sun je nema, cikinsu har da Yannick Bestaven, wanda aka mayar wa awa 10 da minti 15 da ya ɓata. Saboda haka ko da yake Charlie Dalin ne ya fara tsallake layi ran 27 ga Janairu 2021, Bestaven da ya iso na uku shi aka ba nasara. A waya ba sandar da ke karyewa, ba ƙyallen da ke yagewa, ba ɗan'uwan da za a juya a ceto. Shi ya sa zakaran intanet na wannan zagaye ya riga jiragen gaske isa gida da kwanaki da dama. Kada wanda ya ci a waya ya ɗauka ya san teku.

To mu dawo kan aljihu da sabis, don nan ne abin ya shafe mu. Shiga kyauta ne, kuma ba caca ba ce, ba ka zuba kuɗi don ka ci na wani. Amma kamfanin na sayar da ƙarin kaya: fikafikan da ke ɗaga jirgi, ƙarin ƙyallaye, na'urar da ke sauya maka ƙyalle kana barci. Wanda ya saya ya fi wanda bai saya ba gudu, ko da basirarsu ɗaya. Wannan aibi ne, kuma shawarata ga samarinmu ita ce kada kowa ya taɓa kuɗin takin Baba don sayen fiffiken jirgin da ba ya taɓuwa. Wasan na ba da damar kafa ƙungiya. Ku haɗu ku goma da jirage marasa ƙari, ku yi tserenku a tsakaninku, daɗin ɗaya ne.

Gajeren zango yana son sabis mai ƙarfi, in ya yanke na daƙiƙa biyar a wurin kewaya alama an gama da kai. Mu kuwa mun san halinmu. Mun san wayar da ke wuni a shagon mai caji, ba mu kuma manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba mai jin wani. Dogon zango shi ya dace da mu. Sau biyu ko uku a rana ya isa, bayan Asuba, da rana, da bayan Lisha. Za ka iya tsara wa jirgi lokacin da zai juya tun kafin lokacin ya yi, za ka iya kulle shi a kan kusurwar iska yadda duk ta karkata zai bi ta. Sai dai mai kullewa ya duba gabansa da kyau, don iskar da ta juya da dare takan kai jirgi kan tudu mai shi na minshari. Ƙararrawar tsakar dare kuwa a bar wa Faransawa. Matsayi na dubu hamsin ko na dubu sittin bai kai a makara sallah ko a yi gyangyaɗi a aji ba.

Ribar da nake hangowa ga ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, ko yaron sakandare a Shinkafi, ita ce wanda ya yi wata biyu yana wannan wasa zai iya karanta taswirar yanayi. Zai san abin da kibiyoyi ke nufi, ya san layukan nauyin iska in sun matsu me zai biyo baya, ya san digiri na arewa da na yamma. Taswirar da ke nuna masa iskar Cape Verde ita ce in ya ja ta da yatsa zuwa gabas za ta nuna masa Zamfara, ya ga inda iskar teku ta kawo a watan Mayu, saura nawa ta iso. In hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, shi zai karanta wa mutanen gida ya kuma san iyakar abin da ya karanta. Don irin wannan hasashe na duniya ya fi iya babbar iskar teku a kan hadarinmu na yamma, wanda zai jiƙa gonar wannan ya tsallake ta maƙwabcinsa. A nan idon tsohon manomi bai rasa aikinsa ba.

Vendée Globe mai zuwa sai Nuwamban 2028, amma ana buɗe ƙananan tsere a wasan duk shekara, akwai kuma Route du Rhum, daga Saint-Malo zuwa Guadeloupe, da ake yi duk shekara huɗu tun 1978, wanda shi tsallaka Atlantika ne kawai. Mai son gwadawa ya fara da irin waɗannan. In kuwa daga Faransa aka tashi aka nufi kudu, a daren farko da na biyu ya lura da ƙusurwar Sifen, wajen Finisterre. Ƙasar ta turo kai cikin teku a nan, kuma duk zagaye sai an wayi gari jirage birjik sun kafe a gaɓarta, na waɗanda suka saita hanci kudu suka kwanta. A ba ta tazara ta yamma kafin a kashe waya.